Wanda Ya Ɓoye Ciwonsa: Nasiha Ga Matan Aure Kan Gwajin Ƙanjamau Da Ciwon Sanyi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (SWT) da Ya ba mu aron jiki da lafiya, kuma zai tambaye mu yadda muka riƙe su. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, a wannan fitowa ina so mu taɓa wata magana da muka saba rufewa da mayafi. Na san akwai nauyin baki a cikinta, to amma matan Ansar ba su bar kunya ta hana su tambayar abin da ya shafi jikinsu da addininsu ba, har Uwar Muminai Nana A'isha (RA) ta yabe su a kan haka. Don haka ki gyara zama, ki ba ni aron hankalinki.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami

Ina koyarwa a ajin matan aure na wata Islamiyya a nan Dutse. Wata ranar Asabar bayan an tashi, sai wata ɗalibata ta tsaya tana ta gyaran jaka har kowa ya watse. Ta ba ni izinin ba da labarinta, da sharaɗin kada in ambaci abin da zai sa a gane ta. Mijinta yana zuwa ci-rani Kudu, ya kan yi watanni kafin ya leƙo gida. Tana kwashe masa kayan wanki sai ta ci karo da wata farar robar magani a naɗe cikin hula, ta kuma lura kullum yana shan ƙwaya ɗaya a ɓoye. Ta kwafi rubutun jikin robar a takarda, ta miƙo mini hannunta na rawa, ta ce, "Malama, don Allah maganin mene ne wannan?"

Ni ba likita ba ce. Na nuna wa wata ma'aikaciyar jinya da na amince da ita ba tare da na faɗi mai shi ba, ta tabbatar mini maganin ƙanjamau ne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, baiwar Allah nan ta yi sati biyu cur da ganin robar kafin ta buɗe baki. Sati biyu tana kuka, tana tsayuwar dare, ba ta iya cin abinci, kuma ba ta san akwai abin da ya kamata ta yi cikin gaggawa ba. Ƙarshen labarin yana tafe, amma tukuna bari mu fahimci lamarin.

Ina muka tsaya a Jigawa?

An fara sanar da ɓullar wannan cuta a Nijeriya a shekarar 1986. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar gida-gida a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan ƙasar nan masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar HIV, kuma an ƙiyasta masu ita a lokacin sun kai kimanin miliyan 1.9. Mata sun fi maza yawa a cikinsu. Jigawa da Katsina su ne suka fi ƙarancin masu ita, kashi 0.3 cikin ɗari. Alhamdu lillahi, wannan ni'ima ce. Amma ki lissafa: mutum uku ne a cikin kowane dubu. Ki tuna yawan jama'ar da ke cika kasuwar Shuwarin ranar kasuwa, za ki gane abin bai yi mana nisa ba. Ƙarancin ma yana da nasa sharrin, domin shi ke sa mu sakankance, mu ce ai cutar mutanen bariki ce.

Ta ina matar aure mai kamun kai take shiga haɗari? Ƙofofin suna da yawa. Miji yana iya ɗaukowa a waje. Ana iya yin sabon aure, ko auren bazawara ko bazawari, ba a yi gwaji ba, cutar ta shigo gida ta hanyar halal ta zagaye ɗakuna. Akwai fyaɗe, Allah Ya kiyaye. Akwai askar wanzami da rezar yankan farce da allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, da ƙarin jinin da ba a tantance ba. Akwai kuma wadda Shaiɗan ya rinjaya ta zame, ta dawo tana nadama. Ita ma da ita nake magana, domin aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana bayin da suka yi wa kansu ɓarna su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ki tuba tsakaninki da Ubangijinki, ki rufa wa kanki asiri, sannan ki je asibiti. Ma'aikacin lafiya ba alƙali ba ne.

Neman magani ibada ne

Wasu 'yan'uwa suna cewa, "Abin da Allah Ya rubuta ba makawa, me gwaji zai ƙara mini in ba tashin hankali ba?" To ki saurara. Imamul Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) hadisin da ke karantar da mu cewa kowace cuta da aka saukar, an saukar da maganinta tare. Imamut Tirmizi kuma ya kawo labarin mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya fara ɗaure ta tukuna.

Ki tuna kuma da Sayyidina Umar (RA) lokacin da ya nufi Sham, ya sami labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a zuwa Madina. Da Abu Ubaida (RA) ya nuna kamar wannan gudun ƙaddara ne, Umar ya fahimtar da shi cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Wa ya kai Umar tawakkali a cikinmu? Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Matar da ta san ta shiga haɗari ta zauna shiru, ta tsaya ta yi wa kanta hisabi da wannan aya. Ki yi addu'a, ki yi sadaka, ki yi tsayuwar dare, kuma ki ɗauki mayafinki ki tafi asibiti.

Awa 72: ki riƙe wannan lamba

Idan abu ya faru wanda kike tsoron kin haɗu da ƙwayar HIV, akwai maganin kariya na gaggawa, ma'aikatan lafiya suna kiransa PEP. Ƙwayoyi ne da ake sha kullum har kwana 28, suna hana ƙwayar cutar kama wurin zama a jiki. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: a fara shi kafin awa 72 ta cika, wato kwana uku, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon ƙarfin kariyar. Wadda ta je a ranar farko ta fi wadda ta je a rana ta uku. In an wuce kwana uku ba a ba da shi, sai dai a koma ga gwaji da sa ido. Kin ga abin da sati biyun ɗalibata ya so ya jawo mata.

Za a fara yi miki gwaji kafin a ba ki. Wasu sukan ji tashin zuciya ko ciwon kai a kwanakin farko, kada wannan ya sa ki ajiye, ki koma ki faɗa musu.

Iyaye mata, wannan ya fi shafar ku idan an yi wa yarinya fyaɗe. Abin da muka saba shi ne a yi mata wanka, a sa ta a ruwan zafi, a kulle ƙofa, manya su shiga sulhu don kada sunan gida ya ɓaci. Kafin a gama sulhun kwana ukun sun wuce. Don girman Allah a fara kai ta asibiti, da kayan jikinta yadda suke. A Babban Asibitin Dutse akwai cibiyar da aka keɓe don kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. A 2021 kuma Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sanya hannu kan dokar hana cin zarafin jama'a a jihar nan, wadda ta tsananta hukunci a kan masu wannan ta'asa. Yarinyar ba ta da laifi, kada mu haɗa mata zalunci biyu.

Gwajin kansa, da maganar wata uku

Gwajin HIV ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, sakamako kuma yana fitowa cikin minti 20 ko ƙasa da haka. Ana yin sa a Babban Asibitin Dutse, da Asibitin Rasheed Shekoni, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ana kuma yi wa masu ciki a wurin awo. Tsakaninki ne da ma'aikacin da ya yi miki.

Ga inda mutane ke kuskure. Gwajin gaggawa yana neman alamun yaƙin da jiki ya fara yi da ƙwayar ne, jiki kuwa yana ɗaukar makonni kafin ya fitar da su. Saboda haka in kin yi gwaji kwana biyar bayan abin ya faru aka ce babu, wannan labarin baya ya ba ki. Dole ki koma ranar da suka sa miki, kuma ki maimaita bayan wata uku. Na wata ukun nan shi ne mai kwantar da hankali.

Kada kuma ki ce ai maigida ɓul-ɓul yake, ko amarya jawur da ita. Mutum yana iya shekaru da ƙwayar ba tare da ko ciwon kai ba. Ido ba ya gwaji.

Ciwon sanyi da 'yan'uwansa

Ƙanjamau ya fi suna, amma ciwon sanyi ya fi shi yawa a ɗakunanmu. Kusan duk abin da ya dame mu a mara ko a gaba sai mu ce sanyi ne, alhali cututtuka ne daban-daban, kowace da maganinta.

Akwai sanyi mai sa fitar ruwa kamar mugunya da zafin fitsari. Namiji yakan gane da wuri, mace kuwa sau da yawa ba ta jin komai, har ya haura mahaifa ya toshe hanyar ƙwai. Sai a wayi gari haihuwa ta tsaya, a ce kishiya ce ta yi asiri, ko aljani ne ya aure ta. Akwai tunjere, wanda ke farawa da ɗan gyambo marar zafi, ya warke da kansa kamar ya tafi, alhali yana nan cikin jini. Shi ne ke jawo wa wasu ɓari a kai a kai da haihuwar jariri ba rai, kuma allurar fenisilin tana kashe shi. Akwai ciwon hanta nau'in B, wanda shi ma ana ɗauka ta saduwa da ta jini, yana da allurar rigakafi, ana so a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Ki sani kuma, gyambo ko kumburin da waɗannan cututtuka ke jawowa yana sauƙaƙa wa HIV shiga jiki.

A ɗaya ɓangaren, ba kowane ƙaiƙayi ne daga miji ba. Farin ruwa mai kauri kamar kindirmo da ƙaiƙayi yakan zo wa mai ciki, ko mai ciwon suga, ko wadda ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, har budurwa yana samu. Kada ki tayar da gidanki a kan abin da ba ki tabbatar ba. Gwaji ne zai raba gardama.

Abubuwa uku nake roƙonki. Na ɗaya, ki daina aika yaro kemis ya sayo kafso biyu ko uku ki sha ki ce kin warke, wannan ƙara wa cutar taurin kai yake yi har magani ya daina cin ta. Na biyu, ki yi hattara da matsi da cushe-cushen kayan mata da ba a san abin da aka haɗa su da shi ba, suna ƙona fatar wurin su buɗe wa cuta hanya. Na uku, magani na gida ɗaya ne. In an yi wa uwargida magani an bar maigida da amarya, kafin kwanan girki ya zagayo sau biyu ciwon ya dawo. Kowa zai sha a lokaci guda, a kuma dakata da shimfiɗa har kwanakin da likita ya faɗa su cika. A nan ba maganar kishi, jirgi ɗaya ne ya ɗauko ku.

Yaya zan tunkari maigida?

Na san nan ne gizo ke saƙar. Wata tana tsoron a ce tana zarginsa, wata tana tsoron takardar saki. Ki zaɓi lokacin da ransa ke a sake, ku biyu kaɗai. Kada ki fara da "me ka je ka yi?" Ki fara da kanki: "Maigida, ba na jin daɗin jikina, a asibiti kuma sun ce sai an duba mu tare maganin zai yi aiki. Don Allah ka raka ni." In ya ƙi, ko kina tsoron duka, ki faɗa wa ma'aikatan asibitin, suna da hanyoyin gayyatar miji cikin hikima. Kina kuma iya sa waliyyinki ko malamin da yake jin nauyinsa, mutum ɗaya mai riƙe sirri. Ƙin sa kuwa kada ya hana ki duba taki lafiyar.

Shari'a tana bayanki. Hadisi na 32 cikin Arba'una ta Imamun Nawawi, wanda muke haddacewa a Islamiyya, ya haramta cuta da cutarwa. Littattafan mazhabarmu ta Malikiyya irin su Risala sun ba ma'aurata zaɓi idan an ɓoye musu wasu cututtuka kamar kuturta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta ce wajibi ne wanda ya kamu cikin ma'aurata ya sanar da abokin zamansa. A zamanta na Abu Dabi a 1995 ta ce haramun ne yaɗa cutar da gangan, ta ba mace damar neman rabuwa in ta so, ta kuma ce babu wajabcin killace mai cutar. Malamai da dama sun halatta kwaroron roba tsakanin ma'aurata saboda lalura, ƙiyasi a kan azalu.

Mu ma iyayen yara da sauran aiki a gabanmu. Maƙwabciyarmu Kano ta kafa doka a 2024 wadda ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin ɗaurin aure. Idan za a aurar da 'yarki, ko maigida zai ƙara aure, ki nemi a yi gwaji na gaskiya a asibiti. Takardar da aka saya a bayan fage ha'inci ce, kuma rai ake wasa da shi.

Idan sakamako ya nuna akwai

Ki yi istirja'i, ki yi kukanki, sannan ki share hawaye ki saurari likita. Lokacin da muke 'yan mata ana ce wa cutar nan kabari kusa. Wannan zamani ya wuce. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da maganin kyauta a asibitocin da aka keɓe, yau kuma yawancin masu sha ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba ya fitar da cutar gaba ɗaya, don haka ba a ajiye shi, kuma duk wanda ya ce miki ki bar shi ki sha nasa jiƙon ya warkar da ke, kuɗinki yake so. Ki yi ruƙiya, ki sha zuma da habbatus sauda in kina so, amma kada ki tsallake ƙwayarki ko ta kwana ɗaya. Da azumi ki tambayi likita ya daidaita miki lokacin sha zuwa dare.

Wanda ya dage da shan magani har awon jini ya daina ganin ƙwayar, ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar saduwa. Akwai kuma ƙwayar kariya da ake ba wanda ba shi da cutar cikin ma'auratan. Mai ciki in ba ta sha magani ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari suna iya ɗauka, in kuwa ta sha yadda ya kamata adadin yana sauka ƙasa da 5. Ta je awo, ta haihu a asibiti, a ba jariri nasa maganin na ruwa, a gwada shi a sati shida, ta shayar da shi bisa shawarar ma'aikatan lafiya.

Mu kiyaye harsunanmu

Me ya hana ɗalibata magana har sati biyu? Tsoron bakinmu ne, mu mata 'yan'uwanta. Mu ne ke zunɗe a gidan suna, mu ne ke janye kwano. Ba a ɗaukar HIV ta cin abinci tare, ko musabaha, ko buta, ko bayan gida, ko cizon sauro, ko sahun sallah. Kuma samun cutar ba hujjar zina ba ce. Aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke bulala tamanin ga wanda ya jefi kamilar mace bai kawo shaidu huɗu ba, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mu mummunan zato da bin diddigi da cin naman juna. Dokar ƙasa ma, tun 2014, ta haramta nuna wa masu cutar wariya. Duk wadda gulmarki ta hana zuwa asibiti har ta rasa ranta, ki shirya amsar da za ki bayar.

Yanzu ga ƙarshen labarin. Na raka ɗalibata asibiti, aka gwada ta, babu. Bayan wata uku ta koma, babu. Da yayanta ya zaunar da mijin, sai ya fashe da kuka ya ce tsoron ta guje shi ne ya sa ya ɓoye. Ashe ya daɗe yana shan maganinsa ba fashi, Allah Ya sa wannan ya zama sanadin tsirarta. Ɓoyewar da ya yi laifi ne babba, ya kuma nemi gafararta. An gwada abokiyar zamanta da yaran gidan duka. Ita ta zaɓi ta zauna, da ta zaɓi rabuwa ma ba wanda zai zarge ta. Har yau tana zuwa aji, ta kusa sauke Alƙur'ani.

'Yar'uwa, Hausawa sun ce wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi. In akwai abin da ke ci miki rai tun da kika fara karanta wannan shafi, gobe da safe ki shirya ki je. In kuwa abin bai kai kwana uku da faruwa ba, kada ki jira goben.

Ya Allah Ka tsare mu da mazajenmu da zuriyarmu daga alfasha ta fili da ta ɓoye. Ya Allah Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka sa jinyarsu ta zama kaffara, Ka rufa mana asiri duniya da lahira. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini.